Rediyon da Ya Kama Goggo

Tun da na bar aikin fiton kaya a tashar jirgin ruwa na koma zaman gida a unguwar Vêdoko, nan Kwatano, na ɗauki wata ɗabi'a da har yau matata ta kasa samo mata suna mai daɗi. Ina tara matattun kayan wuta in tashe su. Tsofaffin fankoki masu fukafukan tagulla, dutsen guga na zamanin Turawa, rediyo irin mai kwalabe a ciki wanda sai ya ɗumama kafin ya buɗe baki. Ba sayarwa nake yi ba. In na gama da abu sai in ɗora shi a kanta in zauna ina kallonsa yana aiki. Matata ta ce duk unguwa ni kaɗai ne mai fanka goma sha ɗaya da ke wuni cikin zufa, don ban yarda a kunna ko ɗaya ya wuce minti biyar ba. Gaskiya ta faɗa, kuma ban daina ba.

Doka ɗaya nake da ita a wannan wasa: duk abin da ya hau teburina ba zai sauka da halin jan mutum ba. Waɗanda suka ƙera kayan da sun iya kwalliya, amma ran mai taɓawa bai dame su sosai ba. Sai in bar wa abu fuskarsa yadda take, in shiga ciki in sake masa igiya, in sa masa fis, in ja masa waya ta uku da za ta kwashe wutar da ta ɓace hanya ta zuba a ƙasa. A kan wannan doka na yi faɗa da aminai, na kuma kusa yin faɗa da yayan mahaifina, wanda muke kira Baffa.

A gidanmu na gado da ke Zongo akwai wani rediyo da ba a kiransa rediyo. Alƙali ake ce masa. Kakanmu ne ya sayo shi a zamanin da yake saukar da fataken goro da na shanu, babban akwati na katako mai fuskar zane, da wani koren ido a tsakiya da ke lumshewa in an kamo tasha. Yana zaune a kan tebur a ɗakin baƙi, ɗaki na farko in ka shigo daga titi. A gaban teburin akwai buzun Kaka, fatar rago mai kauri da yake salla a kai. Tun kafin a haife ni mabuɗin murɗa tasha ya fashe, ya bar tsirarar sandar ƙarfe, da ita ake murɗawa.

An ce wata rana takalmin wani bafatake ya ɓace. Ana cikin cacar baki sai wani baƙo ya miƙa hannu zai canja tasha, wuta ta ja shi, ya yi tsalle ya faɗi zaune, kafin kowa ya tambaye shi ya ce takalmin yana cikin buhunsa. Shi ke nan. Daga ranar duk abin da ya ɓace a gidan, duk maganar da aka rasa wanda ya fitar da ita, sai a ce a je gaban Alƙali. Har tsari aka yi masa. Wanda ake zargi zai yi alwala, kamar mai shirin rantsuwa, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya shiga ya kama sandar. In wuta ta ja shi, ya yi. In ba ta ja shi ba, a ba shi haƙuri.

Wani malamin unguwa ya taɓa zuwa takanas don ya raba mu da wannan shirme. Ya yi mana wa'azi mai kyau, ya ce katako da ƙarfe ba su san gaibu ba, kuma zai nuna mana da hannunsa. Ya fito daga alwalar azahar ke nan. Ya shiga, ya kama. Na ga rawaninsa ya karkace. Ya sa takalminsa ya tafi, kuma har ya rasu bai sake tayar da zancen ba. Ni ma ina ƙarami Alƙali ya kama ni a kan wani kilishi. Abin da ya hana ni yin shakka shekara da shekaru shi ne, ni na ci kilishin.

Duk wannan abin dariya ne in ba don Goggo ba. Ita ce autar su Baffa, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata. Da Kaka ya je Makka ya zo da ruwan zamzam a wani gwangwani rufaffe, ya ajiye a ƙarƙashin gadonsa shekaru masu yawa, ya bar wasiyya a yayyafa wa likkafaninsa. Ranar da ya rasu aka jawo gwangwani, aka ji shi sakayau, babu ko ɗigo. Bayan sadakar uku Baffa, wanda gidan ya koma hannunsa, ya tara duk mai shiga ɗakin Kaka. Maza suka kama sandar ɗaya bayan ɗaya, babu abin da ya same su. Goggo ta taso daga wankin tukwanen sadaka, ta yi alwala, ta durƙusa ta kama. Wuta ta yi jifa da hannunta. Baffa ya ce a gaban kowa, “Ke kika shanye guzurin ubanmu.”

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba. Ta ɗaure kayanta ta koma unguwar Agla, inda take da ɗan fili, kuma fiye da shekara talatin ƙafarta ba ta sake taka gidan ba. Biki ko suna ko rasuwa, iyakarta titi. Ta zauna a kujera a waje, ta yi gaisuwa, ta tafi. Ita da Baffa ba su sake haɗa ido ba. Yanzu ya haura tamanin, zuciyarsa tana ba shi wahala, ita ma ta fara dogara sanda. Abin da nake tsoro kullum shi ne a bugo mini waya a ce ɗayansu ya tafi a haka.

A bara, ana saura 'yan kwanaki babbar salla, Baffa ya aiko a kira ni. Na same shi a ɗakin baƙi, a kan buzu, ga Alƙali a bayansa an lulluɓe shi da zane kamar mai jinya.

“An ce kana tayar da matattu,” ya ce.

“Na ƙarfe dai, Baffa.”

“To ga wannan. Ya lalace.”

Na ce ai na sani, ya fi shekara goma rabonsa da magana. Baffa ya dube ni kamar na yi zancen yara.

“Wa ya tambaye ka magana? Magana ai kowa na da ita a waya. Ja ya daina. Wata biyu ke nan ko yaro ya kama sai dai ya ji sanyin ƙarfe. Gida ya lalace. An saki ragon layya ya fita titi, mun tambayi kowa, kowa ya ce ba shi ba ne. Ka mayar masa da kuran ɗinsa, wutar nan da yake ja da ita, kafin salla.”

Na taɓa karɓar aiki iri-iri, amma ba a taɓa kawo mini abu a ce laifinsa shi ne ya daina jan mutane ba. Na leƙa bayansa, na ga ɓera ya cinye igiyar. Aikin minti goma ne. Sai dai na daɗe ina kwaɗayin ganin cikin wannan akwati, kuma tun ina yaro ba a barin kowa ya kwance masa ko ƙusa ɗaya. Na ce sai na tafi da shi gida. Baffa ya ce in riƙe shi da mutunci. Haka na hau zem, mai babur a gaba, ni a baya, Alƙali a tsakiyarmu na rungume shi, mutanen gida sun fito ƙofa suna kallo. Na lura fuskokin matan gidan duk a sake suke.

Da na buɗe bayansa, abin da na fara samu shi ne gidan kyankyasai na zuriya bakwai, da wata laya da wani ya cusa ta ramin iska, ban sani ba ko don ya ƙara masa ƙarfi ko don ya rufe masa baki. Na share, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ban daɗe ba na ga mai laifin. Wani ɗan abu ne kamar guntun kyandir, takarda da kakin zuma, da masu gyara ke kira kwandansa. An sa shi tsakanin wayar wuta da ƙarfen jikin rediyon don ya rage ƙara. Iskar gishirin Kwatano ba ta barin komai, ta ci shi tun tuni, ya riƙa yoyon wuta zuwa cikin ƙarfen, har zuwa sandar nan da muke kamawa. Na auna shi na ga saura ƙiris ya buɗe gaba ɗaya. Da ya buɗe, da wanda ya kama sandar nan da jiƙaƙƙiyar ƙafa sai dai a ɗauke shi. Na zauna na yi wa ɓeran nan addu'a.

Wannan ya bayyana mini dalilin ja. Bai bayyana mini yadda yake zaɓen mutane ba. Kwana biyu ina juya abin a raina. Na san kan igiyar mai ƙafa biyu ne, in ka soka shi ta wannan fuska jan ya yi ƙarfi, ta waccan ya yi sauƙi, kuma kullum ana zare shi a jona dutsen guga a mayar yadda aka ga dama. Amma wannan caca ce, ba ta isa ta sa a ce duk tsawon shekarun nan bai taɓa kama namiji babba na gidan ko sau ɗaya ba. Ina cikin salla, a kan darduma, na ga ƙafata, abin ya faɗo mini, har na manta raka'a ta nawa nake.

A gidanmu babu mai taka buzun Kaka sai 'ya'yansa maza da manyan jikoki. Mace ba ta takawa. Yaro ba ya takawa. Baƙo mai kunya, kamar malamin nan, ko an ce ya hau sai ya ce a'a, nan ma ya isa. Duk waɗannan a gefe suke tsayawa ko su durƙusa a kan siminti tsirara, da danshin alwala a ƙafa, su miƙa hannu daga nesa. Wuta kuwa hanyar ƙasa take nema. Mai tsaye a kan busasshiyar fata mai kauri bai ba ta hanya ba. Mai ladabi shi ya shimfiɗa mata titi. Shekara fiye da hamsin muna hukunta mutane gwargwadon tarbiyyarsu.

Na yi dariya ni kaɗai har matata ta leƙo. Sannan na tuna da Goggo a durƙushe. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Matar da ta goye ni, na yi shekara talatin ina kai mata ziyara, ina cin tuwonta, kuma can ƙasan raina na ajiye cewa wataƙila ta ɗan kurɓa.

Washegari na tafi Agla. Damina ce, layinsu ya cika da ruwa, sai da na naɗe wando na bi ta kan bulo. Na same ta tana tsince shinkafa. Na zauna na zuba mata bayani tun daga kwandansa har buzu, ina zana wayoyi da yatsa a ƙasa. Ta bar ni na gama.

“To,” ta ce. “Ni ai na san ban sha ba. Kai ne sai yau ka sani?”

Na sunkuyar da kai na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun ina da gashi a ka. Na ce ina so ta zo Zongo ranar Juma'a, zan nuna wa kowa. Ta ce ba ta da abin da za ta ɗauko a gidan. Na yi magiya, na kawo zancen zumunci, na kawo zancen ciwon Baffa, duk ba ta ɗago ba. Har na tashi zan tafi sai ta ce, “Wannan abin da ka ce, mai kama da kyandir. Girmansa nawa?”

Na nuna mata rabin ɗan yatsana.

Ta daɗe tana kallon yatsan. “Wannan ne ya kore ni daga gidan ubana?” Ta ture farantin shinkafar. “Zan zo in gan shi. Shi zan zo gani, ba wani ba. Kuma a titi zan zauna.”

Sauran kwanakin na yi su a kan tebur. Na wanke ƙafafun kwalaben, na sake waɗanda suka mutu da wasu da na ciro daga wani rediyo da na daɗe ina ajiya, na fere sabon mabuɗi da katako na shafa masa mai har ya yi kama da ɗan'uwansa. Na ɗaura masa igiyar wucin gadi a madadin wadda ɓera ya ci, amma mugun kwandansan na bar shi a wurinsa, don shi ne shaidata. Matsalar da ta rage ita ce wanda zai kama sandar. Ba zan sa hannun mutum ba, ko nawa. Ranar Juma'a da safe na biya wurin mahauta na sayi ƙafar sa guda, da kofatonta. Mahaucin ya tambaya ko a babbake mini. Na ce a'a, shari'a za ta je.

Bayan an sauko daga masallaci gida ya cika. Na ja layi da alli a tsakar ɗakin na ce duk wanda ya tsallake zan tattara kayana in tafi. Baffa yana kan kujera a gefe, don na roƙi aron buzun. Maza a ciki, mata a bakin ƙofa da tagogi. Goggo tana waje a kan kujerar roba, an bar ƙofar titi a buɗe, daga inda take tana hango tebur. Baffa ya san tana nan. Bai juya ba.

Na fito da tsohon ma'aunina mai allura, na ɗaura waya ɗaya a sandar rediyon, ɗayar na soka ta a ƙafar san. Na ce wannan ita ce wadda ake zargi, allurar nan kuma ita za ta nuna mana ja. Na ɗauki buta na wanke ƙafar. Wani ƙanen mahaifina ya ce ba a wanke ta har idon sawu ba, sai na sake. Na ajiye ta a kan siminti da sandar katako, na jona wuta. Allura ta yi tsalle ta kusa buga ƙarshe.

“Ta yi,” in ji wata daga taga.

Na ɗaga ƙafar na ɗora ta a kan buzu. Allura ta koma ta kwanta. Na mayar siminti, ta tashi. Na mayar buzu, ta kwanta. Sau biyar na yi.

Na ɗauka an gama. Ashe ban san danginmu ba. Wani ya ce ai ba mu san halin san nan ba lokacin da yake raye, wataƙila ya ci gonar mutane. Wani ya ce wannan ma hujja ce a kan albarkar buzun Kaka, tunda ko dabba ta hau sai a yafe mata. Babban ɗan Baffa, wanda ya ci shari'a a gaban Alƙali ya fi sau ashirin har ake ba shi ajiyar kayan marayu saboda gaskiyarsa, ya ce shi bai ga amfanin tone-tone ba, abin da ya wuce ya wuce. Matarsa ta ce daga bakin ƙofa, “A'a, a tona. Ni sau huɗu ya kama ni.” Nan take matan suka fara lissafa nasu, wannan ta ce ita a kan ɗankunne, waccan ta ce a kan maganar da ba ta ma ji ba balle ta faɗa. Wata tsohuwa ta ce ita da ta ga ja ya yi yawa sai ta riƙa amsa laifi tun kafin a kai ta, ta huta. Wani kuma ya ce to yanzu wa ya saki ragon layya? Babu wanda ya kula shi.

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata a gaban manya. Na ce gwangwanin zamzam ɗin ma, da wani ya juya gindinsa ya duba, da ya ga tsatsa ta huda shi, don babu ƙarfen da zai yi shekaru a ƙarƙashin gado a garin nan bai zube ba. Na ce ban gani da idona ba, amma na ga abin da iskar nan ta yi wa ƙarfen da ya fi shi kauri. Sannan na zare wuta, na sa almakashin waya na datse kwandansan, na fita na kai wa Goggo a tafin hannuna.

Ta ɗauka, ta juya shi, ta shinshina. Ta ce, “Ko nauyi ba shi da shi.” Ta ƙulle shi a bakin gyalenta.

Na koma na ƙarasa aikina a gabansu, don kada a ce na yi wani siddabaru. Na sa sabon kwandansa irin na yanzu wanda ko ya mutu ba ya sakin wuta, na sa fis, na ɗaura igiya mai waya uku, na jona ta ukun da sandar ƙarfen da na kafa a bayan taga tun da safe. Na sa sabon mabuɗi. Na cire takalmi, na zuba wa ƙafata ruwa, na tsaya a kan siminti na dafa ƙarfen bayan rediyon da hannu biyu. Sannan na kunna. Koren idon ya buɗe a hankali, aka ji shuu, sai ga wani mutum can wata duniya yana magana da wani yare da babu wanda ya taɓa ji a cikinmu. Shekara goma rabon akwatin da magana, kuma da ya tashi yi bai ce mana komai ba. Ni dai na ji daɗi har cikin raina.

Sai Baffa ya ce a kashe. Aka kashe. Ya ce a kawo masa buta. A nan kan kujera ya yi alwala, a hankali, ruwan na zuba a siminti. Ya tashi da ƙyar, ya ƙi hannun da aka miƙa masa, ya zagaye buzun ya tsaya a gefe, daidai inda mata ke durƙusawa.

“Mayar da abin nan da ka cire,” ya ce mini.

Na ce ba zai yiwu ba.

“Ban tambaye ka ko zai yiwu ba. Ka mayar, ka cire wannan katakon, in kama. Sau ɗaya.”

“Baffa, zuciyarku ba za ta ɗauka ba. Ko mai lafiya ba zan bari ba.”

“Ita ta ɗauka.” Har yanzu bai juya wajen ƙofa ba. “Ni na tsaya a kan fata na ce ta taɓa. Ban san me ta ji ba. Shekara talatin ban sani ba. Kai ɗan ƙanena ne ko ubana? Na ce ka mayar.”

Ban taɓa ƙin umarninsa ba tun da aka haife ni. Na ce ya yi mini duk hukuncin da ya ga dama, amma hannuna ba zai mayar da abin nan ba. Ya ce to a kira wani mai gyara daga bakin titi. Babban ɗansa ya fara lallashi, ya daka masa tsawa. Tsoho ya tsaya cikin ɗan ruwan alwalarsa, ƙafafu tsirara, hannu a miƙe wajen rediyon da ba zai iya yi masa komai ba, yana huci. Na ga abin dariya ne, na kuma ga hawaye na neman zubo mini.

Sai muka ji ƙarar sanda a kan dakalin ƙofa. Matan suka dare. Goggo ta shigo, tana ɗingishi, ba ta dubi kowa ba, ta zo ta tsaya a gabansa. Kansa ya fi nata tsawo da kaɗan yanzu, duk sun rankwafa.

“Yaya,” ta ce, “bar yaron nan da wayoyinsa. So kake ka ji? Kawo hannun.”

Ya miƙa mata. Ta jingine sandarta a tebur, ta kama yatsunsa ta matse da duk ƙarfin da ya rage mata, har na ji sun yi ƙara.

“Nan ya fara.”

Ta dunƙule hannu ta buga masa a gwiwar hannu, daidai ƙashin nan mai zafi. Baffa ya ja iska ta haƙora.

“Ya biyo nan.” Ta buga kafaɗarsa. “Ya hau nan. Duk wannan kafin la'asar ya sake ni.”

Sannan ta ɗora dunƙulen a ƙirjinsa, ba ta buga ba, ta dai danna.

“Wannan kuma ba rediyo ba ne. Kai ne.”

Baffa ya sa hannunsa biyu ya rufe nata a wurin, ya riƙe. Ta ja sau ɗaya, bai saki ba, ba ta sake ja ba.

“Ku ba shi kujera,” ta ce da mu, “kafin ya faɗo mini a ka. Ni ma ku kawo mini tawa daga waje.”